Yarinyar da Aka Hana Kallon Bakin Malami

Shekarun baya, lokacin da nake koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare mai zaman kanta a bayan Sama Road a Sakkwato, an kusa raba wata yarinya da karatu saboda tana kallon mutane. Ba ta yi sata ba, ba ta yi faɗa ba, ba ta zagi kowa ba. Kallo ne kawai. Kwanakin baya wata a cikinku ta tambaye ni abin da ya sa nake matsa wa malamai lamba a rubuce-rubucena alhali ni ma malama ce. To ga dalilin, kuma ku yi haƙuri idan na ɗan yi zafi, don har yau abin bai gama huce mini ba.

Sai na fara gaya muku wani abu game da ni, don shi ne mafarin komai. Ni gajeriya ce, gajarta ta gaske. Mahaifiyata takan ce abin da Allah ya rage mini a tsawo ya ƙara mini a murya. Ranar da na fara shiga aji na yi ɗage ina so in kai saman allo, takalmi ya gurɗe, na kusa kifawa, yara suka yi ta dariya har da masu buga benci. Daga ranar na haƙura da saman allo. Sai in rubuta ɗan abin da zan rubuta a inda hannuna ya kai, in juyo in fuskanci yara, in yi ta zagayawa tsakanin bencina ina bayani da ƙwallayen dabino da murafen kwalba. Ba wata gwaninta ce ta sa ni hakan ba, rashin tsawo ne.

Makarantar tana da wata al'ada da shugabanmu yake ji da ita kamar shi ya fara ƙirƙiro karatu. Zama a aji bisa matsayin jarrabawa ne. Wanda ya zo na ɗaya shi ne a bencin gaba, ana bi ana bi har a kai na ƙarshe, wanda zai zauna can jikin tagar baya, inda injin wuta yake ruri kuma 'yan kabu-kabu masu babur suke ta hon a bakin titi. Duk iyayen da suka zo neman gurbi sai ya zagaya da su ya nuna musu. Yakan ce, "Nan kowa ya san matsayinai. Wanda ka son gaba shi yi ƙoƙari."

A wannan bencin na jikin taga ɗalibata take zama. 'Yar siririya ce, hijabinta kullum a goge, ba ta da surutu. Daga wani ƙauye na bakin fadama aka kawo ta, tana zaune wurin kakarta a Ƙofar Rini. Abin da kowa ya san ta da shi shi ne ido. Idan kana magana za ta kafe ka da kallo, ko ƙiftawa ba ta cika yi ba. Mu kuwa kun san yadda muka taso. Yaro ba ya haɗa ido da babba, balle ɗiya mace da malami namiji. Ni kaina na sha ranƙwashi a hannun mahaifiyata a kan hakan. Don haka a ɗakin malamai an gama yanke mata hukunci tun ba a je ko'ina ba: tsaurin ido, fitsara, rashin tarbiyya. Ga shi kuma tana cin sifili a kusan kowane darasi, sai aka ƙara mata da daƙiƙanci.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a lissafi ba ta da matsala. Idan na zo kusa da bencinta ina bayani, kafin in rufe baki ta gane. Na faɗi haka a ɗakin malamai, malamin ladabtarwa ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Malama, ko dai kina ba ta amsa ta bayan hwage?" Na ce masa idan ina da amsar bayarwa, shi zan fara ba, don na ga yadda yake fama da haɗa makin yara. Tun daga ranar ba ma shiri da shi.

Wata safiya cikin bazara na ga abin da har yau ban manta ba. An tashi daga taron safe, malamin ladabtarwar ya tsayar da yarinyar a tsakiyar fili, wai ta makara. Yana faɗa, tana kallon fuskarsa. Ya daka mata tsawa yana nuna ƙasa da bulala, "Sadda kanki!" Ta sunkuyar. Sai ya yi mata tambaya, kanta na ƙasa. Shiru. Ya maimaita. Shiru. Ya ce, "Au, ni kika yi ma banza?" Ta ɗago a hankali don ta ga abin da ake ciki, ya zuba mata bulala wai ta sake kallonsa. Ta sunkuyar, ya yi tambaya, ba ta amsa ba, ya sake zuba mata. Haka aka yi ta yi, ta ɗago a doke ta, ta sunkuyar a doke ta. Daga ƙarshe ya sa ta durƙusa a rana, irin ranar Sakkwato da ko akuya sai ta nemi gindin bango. Na sauko daga baranda na ce masa ina da gwaji a ajinsu, na kama hannunta muka wuce. Ko hawaye ba ta yi ba.

Da rana ina ba abokiyar aikina labari. Malamar Ingilishi ce, Kirista daga wajen Filato, tana zaune a Sabon Gari da mijinta. Kullum tare muke cin abinci, ta kawo gwate in kawo dambu, mu yi ta gulmar shugaba. Ta ajiye cokali ta ce, "Ke, ni na daɗe ina lura da yarinyan nan. Ba ido take kallo ba fa. Ki duba da kyau, baki ne. Ƙanena haka yake yi tun da ciwo ya taɓa masa kunne."

Washegari da aka fita tara na ce yarinyar ta tsaya. Na zauna gabanta muna hira, na tambaye ta kakarta, na tambaye ta abin da ta ci, tana ba ni amsa tsaf. Sai na ɗauki littafi na kare bakina, na ci gaba da magana da muryata ta kullum. Na ga fuskarta ta canza. Ta karkato da kai, ta matso, can sai ta miƙo hannu ta kama gefen littafin ta ja shi ƙasa. Da ta ankara da abin da ta yi, ta zube a ƙasa tana cewa, "Malama ki yi haƙuri, ban sani ba, wallahi ban sani ba." Na ɗago ta. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi a fili ba. Ta ce, "Don Allah kada ki hwaɗa ma kowa. Inna ta ce in anka sani kora ta za a yi."

Da la'asar na hau kabu-kabu sai Ƙofar Rini. Na sami kakar a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Tsohuwa ce mai fara'a, amma da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta ajiye faifan.

Ta ce, "Malama, sanƙarau na. Tana 'yar ƙarama yak kama ta, munka hidda rai, Allah yat tashe ta. Sai dai kunnen ya yi nauyi. Tana ji kaɗan-kaɗan in ba hayaniya, sauran da ido taka cikawa. Makarantar da munka hwara kai ta, da nih hwaɗa musu gaskiya, cewa sunka yi ba su ɗaukar irinta. Shi na nic ce ta yi shiru."

Na ce, "Inna, mahaifinta fa? Ya sani?"

Ta ce, "Ya san ta yi ciwo. Amma da yag ga tana magana, tana amsa mini, sai yaɗ ɗauka ta warke. Kin san ɗiyar hwari ta. Ba shi kiran sunanta, ba shi duban ta. In ya zo, daga zaure shika magana, ko shi juya baya shi ce ke yi kaza. Ba ta ji, shi kau shi ce taurin kai na, birni ya lalata ta. Na hwaɗa mai har na gaji, cewa shikai ina goyon bayanta. Yanzu ya rantse in anka sake kiran shi makaranta kan halinta, maishe ta ƙauye za shi yi, karatu ya ƙare."

Na dawo gida raina a jagule. Yarinya ɗaya, a gida uba ya juya mata baya don kunya, a makaranta a ce ta sunkuyar da kai don ladabi, sannan kowa ya taru yana mamakin me ya sa ba ta jin magana. Na roƙi kakar ta bar ni in gaya wa shugaba, na yi mata alkawarin ba za a kore ta ba. Ban san da me na dogara na yi wannan alkawarin ba, baki ne kawai ya riga ni.

Na shiga ofishinsa da ladabina, har da ɗan rusunawa. Na yi masa bayani dalla-dalla. Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba: a dawo da ita gaba, malamai su riƙa juyowa idan za su yi magana maimakon su yi wa allo bayani, a rubuta muhimman kalmomi, kuma a bar ta ta kalli bakin mai magana. Ko alli ɗaya ba za a ƙara saya ba.

Ya jingina da kujera ya ce, "Malama, bencin gaba ba sadaka ba na. In niɗ ɗauko ta ƙarshe nis sa ta gaba, mi zan ce ma uwayen wadda taz zo ta ɗaya?"

Na ce, "Yallaɓai, ka ce musu ɗiyarsu tana ji daga ko'ina, wagga ko ba ta ji."

Ya ce, "Akwai makarantar kurame. Su kai ta can."

Na ce ai ba kurma ba ce, tana magana, tana lissafi fiye da rabin ajin, ba ta san maganar hannu ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kuma batun kallo, ba ni iya ce ma malamai maza su bari ɗiya mace ta tsura musu ido. Mu an san mu da kunya. Tarbiyya muka badawa nan."

Tarbiyya. Na fito ina maimaita kalmar a raina har na kai aji. A ce bulalar da aka yi wa yarinya a tsakiyar fili saboda tana ƙoƙarin jin abin da ake ce mata ita ce tarbiyya, amma juyo da fuska ka yi mata magana shi ne zai rushe kunyar garin. Duk da haka na bi malamai ɗaya bayan ɗaya na gaya musu, har da malamin ladabtarwa. Wasu sun tausaya, wasu sun ce to. Shi kuwa cewa ya yi yaran yanzu sun iya dabara.

Tunda an ce ba za a kai ta bencin gaba ba, sai na ga mafita ita ce a rasa bencin gaban gaba ɗaya. Da lokacin darasina ya yi na ce yara su tashi mu ja bencina. Muka jera su zagaye, aka bar baki ɗaya wajen allo, kamar yadda ake zama a kewaye faranti. Babu gaba babu baya, kowa yana ganin fuskar kowa. Na sa doka cewa duk mai magana sai ya ɗaga hannu ya miƙe, a san daga inda maganar take fitowa, kuma ba a magana da hannu a baki ko biro a haƙori. Ban ce don wance na yi ba. Na ce ni ce gajeriya, ina so in riƙa ganin kowa, suka yi dariya suka yarda. Ita kuma na zaunar da ita nesa da tagar injin, inda haske yake faɗowa a fuskata.

Abokiyar aikina ta ɗauki tsarin ita ma. Shugaba ya ji labari ya ba da umarni a riƙa mayar da bencina layi-layi da zarar mun fita. Shi ke nan aka shiga ja-in-ja. Mu shiga mu ja, mu fita a mayar. Yaran suka ƙware har ya zama kafin in ƙaraso daga ɗakin malamai sun gama. Ƙarar jan benci ta zama sallamata, duk makarantar ta san Malama gajeriya ta shiga aji.

Abin da ban zata ba shi ne waɗanda zaman ya tono. Akwai wani yaro a layin baya da aka daɗe ana kira malalaci don ba ya kwafar rubutu, ashe allon ne ba ya gani sai dishi-dishi. Akwai wata mai in'ina da ba ta taɓa buɗe baki ba, da ta ga doka ta ce a jira mai magana ya gama, sai ga ta tana ɗaga hannu. Na tsaya ina kallon layin bayan nan da aka tara wai daƙiƙai, na ga yawancinsu ba ƙwaƙwalwa ce ta kai su can ba. An kai su baya don ba su ci ba, kuma ba za su taɓa ci ba don suna baya. Ɗalibata kuwa ta fara dariya a aji. Ranar da na fara jin dariyarta sai da na waiwaya, don ban san muryar ba.

Ana cikin haka abin da kakar take tsoro ya faru. Malamin ladabtarwa yana koyar da su wani darasi, kuma salonsa shi ne ya riƙa karanto bayani yana zagayawa ta bayan aji, yara suna rubutawa. Yarinyar da ta saba yanzu da bin bakin malami sai ta riƙa juyawa a kan benci tana bin sa da ido duk inda ya yi. Ya ce ba'a take yi masa a gaban yara. Ya kai ƙara, shugaba ya aika a kira uban.

Ba a gayyace ni ba. Abokiyar aikina ce ta leƙo ajin da nake ta ce, "Baban yarinyan ya zo, suna ofis." Na ajiye alli na tafi, ko sallama ban tsaya an amsa ba.

Uban yana tsugune a bakin ƙofa, ya cire takalmansa a waje, idonsa a ƙasa. Dogon mutum ne, duk kaushin fadama a ƙafarsa. Ita tana durƙushe a gefe, kai a sunkuye kamar yadda aka koya mata, ana yanke hukunci a kan rayuwarta ba ta jin ko kalma ɗaya. Malamin ladabtarwa yana ta zuba, shugaba yana gyaɗa kai. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Su biyun sun san matsalarta, ni na gaya musu da bakina, amma ba wanda ya ce wa mutumin nan uffan a kai.

Uban ya ce a hankali, "Yallaɓai, a yi haƙuri. Ni ma haka nika hwama da ita. In yi magana ta yi banza da ni. Yau zan tahi da ita, kowa shi huta."

Na ce, "Baba, kahin ku tahi, ina roƙon abu guda. Ka yi mata magana yanzu."

Shugaba ya ce, "Malama, wa yak kira ki?" Ban ko dube shi ba.

Uban ya kawar da kai wajen bango yadda ya saba, ya ce, "Ke, tashi mu tahi." Ba ta motsa ba. Ya ɗan ɗaga murya ya sake faɗa. Ta dai ji alamar sauti, na ga kafaɗarta ta motsa, amma ba ta ɗago ba don ta san abin da ɗagowa yake jawo mata. Ya juyo ya dube ni, kamar ya ce kin gani ko.

Na ce, "Baba, yanzu ka matsa gabanta. Ka ɗago kanta, ka bari ta ga bakinka."

Ya yi turus. Ya ce, "Malama, ɗiyar hwari ta."

Na ce, "Na sani, Baba. Ni ma ɗiyar hwari ta, har yau mahaihina bai taɓa hwaɗin sunana ba. Amma ni ina jin shi ko daga zaure. Ita tun da taƙ ƙare ciwon nan da ido taka ji. In ka juya mata baya, kamar ba ka yi magana ba na."

Mutumin ya daɗe a tsugune. Can ya ja jiki ya matsa gabanta, ya miƙa hannu, ya janye, ya sake miƙawa, ya sa yatsa a haɓarta ya ɗago. Ta runtse ido tana jiran mari. Da ta ji shiru ta buɗe.

Ya ce, "Kina ji na?"

Ta ce, "Ina ji, Baba."

Ya ce, "To da can don mi ba ki amsa mini?"

Ta ce, "Ban san kana yi mini magana ba. Kullum ƙeyarka nika gani."

Ya sake ta, ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya miƙe tsaye. Mutumin da ya shigo yana rarrafe da ladabi, sai ga shi ya cika ofis, ya dubi shugaba ido cikin ido. Ya ce, "Yallaɓai, kai ka san da wanga zance?"

Shugaba ya fara kame-kame, wai an ɗan taɓa yi masa maganar amma ba a kawo shaidar asibiti ba, wai makaranta tana da tsari.

Uban ya ce, "Ni uwata ta hwaɗa mini ban yarda ba, alhakin na wuyana. Amma ni gona nika kwana. Kai da aikinka ke nan, anka hwaɗa maka, kab bari ana dukanta?"

Bai jira amsa ba. Ya juya ya sake tsugunawa gaban 'yarsa, ya tabbatar tana kallonsa, ya ce, "Koma aji." Ta tashi ta koma.

Kada ku ɗauka daga nan kowa ya tuba. Ba haka duniya take ba. An dai sa mata kujera ita kaɗai a gaba, a gefen ƙofa, don kada a ce an taɓa tsarin benci. Uban ya kai ta wajen likitan kunne. Malamin ladabtarwa bai taɓa ba ta haƙuri ba, abin da ya ce a ɗakin malamai shi ne ai da an yi masa bayani da kyau da bai taɓa ta ba, ni kuwa na tuna masa ranar da inda muke tsaye da na yi masa bayanin. Shugaba ya daina amsa gaisuwata har zangon ya ƙare. Amma ku ji ƙarshen rashin kunya. Da wasu baƙi suka zo duba makarantu, ajina ya kawo su kai tsaye, bencina a zagaye, yana ce musu wannan sabon tsari ne da ya ɓullo da shi don kula da yara masu buƙata ta musamman. Ina tsaye da alli a hannu. Abokiyar aikina ta take mini ƙafa, don ta ga bakina ya fara motsi.

Yarinyar ta gama makarantar, ta wuce gaba. Ban daɗe ba ni ma na bar wurin.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Ba na faɗa da kunya, da ita aka raine ni, kuma ina son 'ya'yana su tashi da ita. Faɗana da malamin da yaro zai kasa a gabansa, maimakon ya tambayi kansa ko yaron yana ji, yana gani, yana iya zama a inda aka ajiye shi, sai ya ɗauko suna ya liƙa masa ya huta. Daƙiƙi, malalaci, marar kunya. Liƙa suna ya fi jan benci sauƙi. Yanzu duk ajin da na shiga, kafin in buɗe littafi sai na je can baya na zauna, in ga abin da na baya yake gani, in ji abin da yake ji. Kuma duk lokacin da na ji babba ya daka wa yaro tsawa ya ce sadda kanka, sai na ji kamar ni aka zuba wa bulala.

Bara ɗalibar tawa ta zo gaishe ni, da goyo a bayanta da 'yar na'ura a kunne a ƙarƙashin hijabi. Muna zaune a tsakar gida da mahaifiyata, wadda ta san labarin tun farko. Tsohuwar nan da ta sha yi mini ranƙwashi a kan kallon manya, sai na ga ta tofar da goron bakinta, ta janye mayafi daga haɓa, ta gyara zama ta fuskanci haske kafin ta ce mata sannu da zuwa. Na ji daɗi har raina.

Amma kafin baƙuwar ta amsa sai ta ɗan rusuna ta ce, "Inna, ki yi mini haƙuri, zan dubi bakinki." Da ta juyo wajena ma haka ta ce, ni da na san komai. Na ce mata ta daina, ba laifi take yi ba. Ta yi murmushi ta ce ta sani, bakinta ne ya saba, ko mijinta sai ta ba shi haƙuri kafin ta kalle shi.

Matar aure, uwar ɗa, mai ilimi, har yau tana neman gafara kafin ta ji magana. Wannan shi ne abin da muka koya mata a makarantar nan, kuma shi ne darasin da ya fi lissafina zama a kanta. Shi ya sa nake matsa wa malamai lamba, kuma ba ni da niyyar dainawa.